Gungumen da Ya Fito Uku

Auta ba ya ɗaukar hoto sau ɗaya. Duk abin da ya tsaya a gabansa, gada ce ko hasumiya ko tsohuwar tashar jirgin ƙasa, sai ya kafa kyamararsa a kan sanda mai ƙafa uku, ya riƙe numfashi, ya danna sau uku. Hoton farko yakan fito da duhu, don kada hasken taga ya cinye abin da ke waje. Na biyu matsakaici ne. Na uku yakan fito da haske ƙwarai, har gizo-gizon da ke lungu ana iya ƙirga ƙafafunsa. Daga baya kwamfuta ta haɗa ukun su zama ɗaya, taga tana nuna gajimare, lungu yana nuna tsagar bulo. Yakan ce ido yana iya kallon duhu da haske tare, amma kyamara sai an lallaɓa ta.

Wannan sana'a ta kai shi garuruwa da yawa. Mijin yayarsa ya raɗa masa suna Ƙafa-biyar, biyu nasa, uku na sandar, ya ce kuma duk yawan ƙafafun bai taɓa ganin ya tsaya wuri ɗaya ba.

Mijin Yaya yana da maɗaba'a a cikin wani tsohon sito. Dogon ɗaki ne mai tagogi can sama kusa da rufi, kuma rufin gaba ɗaya yana zaune ne a kan wani gungumen katako da ya ratsa daga bango zuwa bango, ya yi baƙi saboda shekaru. Akwai agogo a bangon gabas wanda dogon hannunsa ya faɗi ya kwanta a cikin gilashi, gajeren kuma bai fasa zagayawa ba. Akwai takalmi ƙafa ɗaya rataye a ƙusa, ba wanda ya san mai shi, ba kuma wanda ya yarda a sauke shi. Tattabaru biyu suna kwana a kan gungumen. Injuna biyu ne a ɗakin, ƙarami da ake tayarwa kullum, da babba da suke kira Giwa, wanda in ya tashi har kofin shayi yakan yi tafiya a kan tebur.

Teburin Yaya yana daidai ƙarƙashin tsakiyar gungumen, don nan hasken safe yake sauka. Shekara goma sha ɗaya tana zaune a wurin, tana ninke takardu, tana ɗinke su da zare su zama littafi. Ita ta goyi Auta bayan rasuwar mahaifiyarsu, har yau kuma in ya zo sai ta duba ƙeyarsa ta ce ya rame.

Wannan karon kwana ɗaya ya yi musu, a kan hanyarsa ta zuwa ɗaukar wata gada a nesa. Da safe mijin Yaya ya ce tunda ya ci ya sha kyauta, sai ya ɗauki hoton maɗaba'ar a sa a kalandar da ake rabawa masu kawo aiki. Auta ya kafa sandarsa a bakin ƙofa. Ƙaramin injin yana aiki. Ya roƙi Yaya ta tsaya cak, ta ce ita ba gada ba ce, ta ci gaba da ɗinkinta. Ta ɗora faranti a kan kofin shayinta, tana mitar wani gari-gari da ke zubo mata daga sama kwana biyun nan, ta ce tattabarun nan sai ta sa an kama su.

Da kwamfuta ta haɗa hotunan, sai Yaya ta fito da kai uku da hannu shida, ana hango bango ta cikin jikinta. Masu wannan sana'a suna kiran haka fatalwa, kuma akwai maɓallin da ake dannawa ya share ta, ya zaɓi hoto ɗaya cikin ukun ya daidaita duk abin da ya motsa. Auta ya danna shi yana tsaye yana kurɓar shayi, ko kallo bai yi ba, kamar yadda ya danna shi sau dubu. Hoton ya fito tas. Mijin Yaya ya buga kwafi ɗaya ya manna a bango kusa da ƙofa, ya ja baya yana kallo, ya ce ashe zaman banza ma yana da amfani. Ya ƙara da cewa yau da azahar zai tayar da Giwa, akwai littattafan rubutu na wata makaranta da za a zo ɗauka da yamma. Ƙarfe goma Auta ya hau bas.

Wata tsohuwa ce a kujerar da ke kusa da shi, ta rungumi keji a cinya, a ciki akwai aku da bai ce komai ba tun da aka tashi. Ta ce na mijinta ne, tun ranar da aka binne shi tsuntsun ya daina magana, za ta kai shi wurin ɗanta ko zai buɗe baki. Bayan an yi tafiyar kusan awa biyu Auta ya buɗe kwamfutarsa a gwiwa don ya rage aiki, sai haɗaɗɗen hoton nan na maɗaba'a ya bayyana, wanda ba a share wa fatalwa ba. Tsohuwar ta leƙo, ta ga mace mai kai uku, ta ja kejinta gefe tana neman tsari. Auta ya yi dariya. Ya yi mata bayani a hankali, cewa hoto uku ne aka haɗa, kuma abin da ya motsa ne kaɗai yake fitowa haka. Ya nuna mata bango, ya nuna mata agogo, ga su nan ɗaiɗai, don ba su je ko'ina ba. Yayarsa ce kawai ta ƙi zama.

Tsohuwar ta daɗe tana kallo. Sai ta miƙa yatsa ta taɓa saman hoton.

"To wannan icen fa, ɗana? Shi kuma ina za shi?"

Auta ya duba inda yatsanta yake. Ya ƙara girman wurin. Gefen gungumen layi uku ne, ɗaya a kan ɗaya, kamar an zana shi da hannu mai rawa. Ya ce a ransa sandar ce ta girgiza. Amma da sandar ce, da tagogi ma sun fito uku. Ya duba tagogi, ɗaya. Ya duba takalmin da ke ƙusa, ɗaya, har igiyarsa. Ya buɗe hotunan uku daban, ya riƙa wucewa daga wannan zuwa wancan, sai ga gungumen yana sauka yana hawa, kamar mutum yana gyaɗa kai. Ya auna da bulon da ke kusa, ya ga motsin ya kai faɗin yatsa biyu. A hoto na uku, mai hasken, inda lungu ba ya iya ɓoye komai, ya ga wurin da gungumen ya shiga bango. Katakon ya tsage, cikin tsagar fari ne sabo, ga gari ya taru a kan bulon da ke ƙasa.

Ƙaramin inji ne ya sa shi wannan rawar. Auta ya duba agogon hannunsa, sha biyu saura minti goma.

Ya kira wayar Yaya. Ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba, ya kuma san dalili, tana cikin jakarta a rataye bayan kujera, injin yana rufe ƙararta. Ya kira mijinta sau huɗu. A na biyar aka ɗauka, ƙarar inji ta cika masa kunne. Ya ce a fitar da Yaya daga ƙarƙashin gungumen, kada a tayar da Giwa, gungumen yana motsi. Mijin Yaya ya sa shi ya maimaita sau biyu, sannan ya yi dariya.

"Ƙafa-biyar, ga hotonka nan ina kallo. Gungumen nan a miƙe yake kamar rula. Ko rana ce ta buge ka a mota?"

Auta ya fara cewa wannan hoton an gyara shi, amma mijin Yaya ya ce takarda ta maƙale a inji, su yi magana da yamma, ya kashe. Da ya sake kira, wayar ba ta shiga.

Ya miƙe ya ce wa direba ya tsaya. Direban ya ce nan ba tasha ba ce, daji ne, in fitsari ne ya daure. Tsohuwar ta sa baki, ta ce a tsaya wa mutum, yayarsa na zaune a ƙarƙashin ice mai tafiya. Ba wanda ya gane abin da take nufi, amma direban ya taka birki. Auta ya sauka da jakarsa da sandarsa. Bas ta wuce, ya ga fuskar tsohuwar a taga, da akun da ya juyo yana kallonsa da ido ɗaya.

Hanyar ba kowa. Ya tsallaka ɗaya ɓangaren ya tsaya. Motoci uku suka wuce ba su ko rage gudu ba, wataƙila sandar da ke kafaɗarsa ta yi musu kama da wani abu. Ya kwantar da ita a ciyawa. Ya riƙa kiran Yaya, yana jin ƙarar tana shiga, yana ganin jakar a ransa tana rawa a bayan kujera, ita kuma tana lasar zare tana zura shi a allura. Ya tuna yadda ya danna maɓallin nan da yatsa ɗaya, ɗaya hannun riƙe da kofi. Gungumen ya faɗa masa abin da yake ciki, a fili, sau uku, shi kuma ya share maganar ya miƙa wa mutane takarda mai cewa lafiya lau.

Babbar mota ce ta tsaya masa a ƙarshe, ta ɗauko gadajen ƙarfe na asibiti an ɗaure su ƙafafu sama. Direbanta dattijo ne mai son hira, ba ya kuma wuce gudun da ya saba ko da me za a ce masa. Ya ba Auta labarin wata rijiya da ya taɓa gani wadda ruwanta yake hawa in an yi tari kusa da ita. Auta bai ji rabin labarin ba. Idonsa yana kan agogo. Ƙarfe ɗaya ta yi suna bayan wata motar shanu. Ɗaya da rabi ta yi suna jiran jirgin ƙasa ya wuce, ya ƙirga taragu talatin da ɗaya, kowanne kamar ana jan sa a kan ƙirjinsa. Duk motar ɗaukar marasa lafiya da ya hango sai ya bi ta da kallo ya ga ina ta nufa. Dattijon ya lura da yadda yake ta duba agogo, ya daina labari, ya ɗan ƙara wuta.

Ƙarfe biyu da kwata ya sauka a bakin layinsu. Tun daga kwanar mai gyaran keke ya ji Giwa, wannan dukan nata mai nauyi da ake ji a tafin ƙafa kafin a ji a kunne. Rufin yana nan. Ya ga tattabarun biyu a kan wayar lantarki a waje, wurin da bai taɓa ganin sun sauka ba.

Da ya shiga, bai yi ihu ba. Ya ji kamar ko muryarsa za ta iya zama abin da zai ƙarasa katakon. Hasken taga ya ratso ɗakin, a cikinsa gari yana zubowa siriri ba ya yankewa, yana sauka a kan farantin da ke rufe da kofin Yaya. Ita kuwa tana ɗinki, ta ɗaura ɗankwali har goshi saboda ƙurar. Ya taka a hankali ya je ya kama wuyan hannunta. Ta ɗago, ta ga fuskarsa, allurar ta faɗi. Ta tambaye shi wa ya rasu. Ya ce ba kowa, ta dai taso su fita. Ta ce saura ɗinki biyu ta gama wannan littafin, ta ce ya sake ta, hannunsa sanyi kamar na gawa.

Mijinta ya zo yana goge hannu da tsumma. Ya kalli Auta, ya kalli matarsa, ya nuna hoton da ke bango da haɓa, yana magana da ƙarfi don ya fi injin. Ya ce shi ba injiniya ba ne, amma yana da ido, kuma ga shaida nan wadda Ƙafa-biyar ya kawo da hannunsa.

"Ni na share," in ji Auta. "Ya motsa, na share. Zo ka gani."

Bai saki hannun Yaya ba. Da ɗaya hannun ya buɗe kwamfutar a kan tarin takardu, ya riƙa wucewa tsakanin hotunan uku. Gungumen ya gyaɗa kai. Mijin Yaya ya ce hannun Auta ne ya yi rawa da safe, shi ma ya san hoto. Auta ya sa yatsa a kan agogo, ya wuce hotunan, agogo bai motsa ba. Ya sa a kan takalmi, bai motsa ba. Ya mayar da yatsan kan gungumen. Mijin Yaya ya daina goge hannu. Ya ɗaga kai sama, abin da mai aiki a ɗaki ɗaya shekara da shekaru ba ya yi, ya tsaya haka bakinsa a ɗan buɗe, gari yana sauka a kan girarsa. Sai ya juya ya tafi wurin Giwa, ba da gudu ba, ya ja hannun kashewa.

Injin ya ɗauki lokaci kafin ya tsaya. Da ya yi shiru, sai suka ji wani sauti da yake rufewa duk wannan lokacin. Daga sama yake zuwa, ƙas, ƙas, a hankali, kamar wani yana taunar ƙashi a ɗaki na kusa.

Ba wanda ya ce a fita. Yaya ta miƙe, kujerarta ta yi ƙara a kan siminti, dukansu uku suka daskare har sautin ya mutu. Daga teburin zuwa ƙofa taku ashirin ne, Auta ya ƙirga su. A na goma Yaya ta waiwaya ta ce tabaraunta da jakarta, mijinta ya sa hannu a bayanta ya tura ta gaba. Suka fita cikin rana, suka tsallaka titi, suka tsaya a gaban shagon mai gyaran keke.

Ba abin da ya faru. Minti biyar, minti goma. Mai gyaran keke ya tambaya ko gobara ce, mai shagon kusa ya fito, mutane suka fara taruwa suna kallon gini lafiyayye da mutum uku da ke kallonsa. Mijin Yaya ya fara jin kunya. Ya ce wa mutanen surukinsa ne ya ga fatalwa a kwamfuta, aka yi dariya. Auta bai yi ba. Wani tsoro na daban ya kama shi, cewa ginin zai tsaya haka har yamma, a koma ciki, gobe Yaya ta zauna a teburinta, kuma ba wanda zai sake saurarensa.

Sai mijin Yaya ya ce ya bar babban makunnin wuta a kunne, ko me zai faru gara a kashe shi, yana nan bayan ƙofa, taku biyu ne. Yaya ta riƙe rigarsa, ya zame. Suka ga ya tsallaka titi ya shige duhun ƙofar.

Da farko wani sauti suka ji kamar tari, irin na tsoho. Sannan tsakiyar rufin ya lotsa a hankali, kamar wani ya zauna a kai, tagogin sama suka fashe gaba ɗaya, ƙasa ta buga a ƙarƙashin ƙafafunsu. Ƙura ta fito ta ƙofa ta cika titi. Yaya ba ta yi kuka ba. Farcenta ya shiga hannun Auta har ya fitar da jini, tana kiran mijinta da sunan da Auta bai taɓa jin ta faɗa a gaban mutane ba, a hankali, sau da yawa.

Mijin Yaya ya fito daga cikin ƙurar fari fat tun daga gashi har takalmi, yana tafiya kamar mai koyon tafiya. Yana riƙe da wata takarda da hannunsa ya cafko daga bango bai sani ba. Ya zo ya tsaya a gabansu yana tari. Yaya ta shafa fuskarsa, ta shafa kafaɗunsa, ta ƙirga yatsunsa, sannan ta zauna a kan wata tsohuwar taya.

Da ƙurar ta lafa, ana iya hango cikin ɗakin ta ƙofa, rana tana shiga ta inda rufi yake a da. Gungumen ya karye biyu, ƙarshensa ɗaya yana kwance a inda teburin Yaya yake. Ba a ganin teburin. Ana ganin ƙafar kujera ɗaya. Takalmin yana nan a ƙusarsa.

Mijin Yaya ya duba takardar da ke hannunsa. Hoton safe ne, gungumen a miƙe, matarsa a ƙarƙashinsa da kai ɗaya tana ɗinki. Ya miƙa wa Auta.

"Karɓi kayanka, Ƙafa-biyar. Wannan ƙarya yake yi. Wancan mummunan nake so."

Yaya ta ce a nuna mata mummunan. Auta ya durƙusa kusa da tayar ya buɗe kwamfutar, ya kare ta daga rana da jikinsa. Ba tabarau, sai da ta kai fuskarta kusa. Ta kalli kanta uku da hannayenta shida, ta daɗe, sannan ta ɗaga ido zuwa layukan nan uku da ke saman kanta. Ta tambaye shi wa ya fara gani. Ya ce wata tsohuwa ce a bas, mai aku. Ta tambayi sunanta, ya ce bai tambaya ba. Ta kai hannu ta ɗan mari ƙeyarsa, kamar yadda take yi yana ƙarami, sai hannun ya tsaya a wurin bai sauka ba.